Mu biyar ne, waƙa uku, wata ɗaya ya rage

Kawu, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, gidanmu a Zango. Malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya haɗa bidiyon waƙa, wato kilip, kada ya wuce minti huɗu, ya ba mu sati shida. Mu biyar ne, ni aka ɗora wa shugabanci, kowa ya ba da jika biyar. Yau sati biyu ke nan ba mu ɗauki ko hoto ɗaya ba, kullum gardama. Wanda yake da wayar kirki a cikinmu ya ce sai wata waƙar soyayya ta Kano da ake yayi, a ari mota, a canza kaya sau huɗu, ƙawata ta fito a budurwar. Wani kuma yana rap, so yake a yi tasa waƙar a kan zaman matasa, a ɗauka a unguwar Kara-Kara. Na biyar ɗinmu duk inda aka karkata nan yake. Ni kuwa akwai wata waƙa da kakata, mahaifiyar babanmu, take yi in ana daka. Ita ce take yi mini yawo a kai, amma ban faɗa ba, tsoro nake su ce ƙauyanci. Da na ce waƙar Kanon ba ta kwanta mini ba, ƙawata ta ɗauka baƙin ciki nake yi mata, kwana huɗu ba ta amsa saƙona ba. Babanmu kuma ya ce kada ya kuskura ya gan ni ina rawa a waya. Ji nake kamar in ajiye shugabancin. Me zan yi?

Ɗaliba daga Zango

Ɗiyata, sannu da ɗawainiya. Kada ki ajiye.

Sau biyu na karanta takardarki, a na biyun ne na ga inda lissafi bai cika ba. A wurin taronku waƙa biyu ake gardama a kansu, alhali uku ne, ta ukun tana ƙunshe a bakinki. Sati biyu abokan aikinki suna jin kina cewa "wannan ba ta kwanta mini ba", ba su taɓa jin wadda ta kwanta miki ba. Ki zauna a mazaunin ƙawarki ki gani. An kawo shawarar da za ta fito da ita, kin ture, ba ki ajiye komai a gurbin ba. Me za ta ɗauka in ba baƙin ciki ba? Ban ce ta kyauta ba da ta ɗauke miki wuta, amma ruwa ba ya tsami banza. Za mu dawo kanta. Bari mu fara duba waƙoƙin, tunda su ne a faifai.

Ta Kanon tukuna. Ni tun zamanin kaset nake ɗaukar bidiyon biki, kamara a kafaɗa kamar buhun gero, kuma har yau akwai wani aiki da in na tuna shi sai in ji kunya. Ango ya ce in sa masa wata waƙa da ake yayi a ƙarƙashin hoton kamu, na sa, ya yi kyau, ya ɗora a intanet don dangin da ke nesa su gani. Kafin gari ya waye an kashe sautin. Ga gwaggwannin amarya suna ta juyi, ga kuɗi na zuba a goshi, ga baki a buɗe ana guɗa, amma tsit kake ji. Laifina ne, don na san waƙar ba tawa ba ce, ba ta ango ba ce.

Waƙa dukiya ce. Wanda ya tsara ta, wanda ya rera, wanda ya buga kiɗan, kowa yana da haƙƙi a ciki, kuma a ƙasar nan ma akwai ofishin da aka kafa don kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta, wato BNDA. YouTube kuwa tun 2007 yake da wata manhaja mai suna Content ID, tana sauraren duk abin da aka ɗora tana gwada shi da waƙoƙin da masu su suka yi wa rajista. In ta gane, mai waƙar ke da zaɓi: ko a toshe bidiyon, ko a bar shi kuɗin talla su riƙa shiga aljihunsa. Facebook da TikTok su ma suna iya kashe sautin. Za ki ce ai malam kaɗai zai kalla a aji. To, ke kin sani, ni ma na sani, ranar da aka gama montaj, wato yanka da haɗa hotunan, kafin ya isa teburin malam ya riga ya zaga WhatsApp.

Amma ko da ba maganar haƙƙi, akwai abin da ya fi damuna. Duk wanda zai kalli naku ya riga ya kalli na asalin, wanda aka yi da manyan kamarori da fitilu da mai kwalliya da ƴan rawan da suka daɗe suna gwaji. Ido ba zai kalli naku shi kaɗai ba, jera su zai yi, naku ya fito kamar ƙane a cikin rigar yayansa. Kayan aro ba ya rufe katara. Sannan ki lissafa abin da "canza kaya sau huɗu" yake nufi: wuri huɗu, guga huɗu, jira huɗu. Motar aro kuwa, na rantse miki, daidai bayan la'asar lokacin da haske ya yi kyau ne mai ita zai kira ya ce za a kai Hajiya gaisuwa.

In rukuninku ya nace sai waƙar soyayya, ba laifi ba ne, akwai hanya. Garin nan cike yake da samari da ƴammata da suka shiga sutudiyo suka yi waƙa, kuɗin kilip ya gagare su. Ku nemi ɗaya, ku je ku gaishe shi, ku ce za ku yi masa kyauta. Zai yi murna, ku kuma ku sami waƙar da ba wanda ya taɓa ganin hotonta. Sai ya rubuta muku yardarsa a takarda ya sa hannu, ko aƙalla ya yi muku saƙon murya ku adana. Ma'aunina ke nan a kan kowace waƙa: za ki iya zuwa ki yi sallama a ƙofar mai ita? In amsar a'a ce, ki bar ta.

Waƙar mai rap ta ci wannan jarrabawar, tunda mai ita yana zaune a cikinku. Inda nake da tambaya shi ne Kara-Kara. Shi ɗan can ne? Yana da ɗan'uwa ko aboki a can da zai shige muku gaba? In babu, me ya sa can? Na san amsar ko bai faɗa ba: unguwar ta yi suna, musamman tun da Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da fim ɗinta a kan matasan wurin a 2021. Amma irin wannan aiki sai mutane sun saki jiki da kai, sakin jiki kuwa ba a samun sa cikin wata ɗaya. Ku biyar ku sauka daga kabu-kabu da waya a hannu, ku ɗauki bangon mutane da fuskokinsu don su zama ado a bayan mai waƙa, ku koma gida, wannan ba mutunci ba ne, kuma yana iya jawo muku rigimar da ba ku shirya mata ba. Mutanen can ba kayan kallo ba ne.

Kuma a nan ne nake so ki gane wani bambanci da zai amfane ki ko wace waƙa kuka ɗauka. "Zaman matasa" maudu'i ne, ba dabara ba ce. Maudu'i shi ne abin da ake magana a kai. Dabara ita ce abin da ido zai gani daga farko har ƙarshe, kuma in ba za ki iya faɗin ta da numfashi ɗaya ba, ba ta nuna ba tukuna. Ga misali. Fada ɗaya, wato majalisar samari, benci ɗaya, butar shayi ɗaya a kan gawayi. A shayi na farko samari shida ne, ana ta raha. A na biyu saura huɗu, ɗaya ya ɗauki jaka ya nufi tashar Agadas, ɗaya ya hau babur ya tafi neman fasinja. A na uku mai waƙar ne kaɗai, yana jera kofuna shida yana zuba wa ɗaya. Kin ga, ba a fita daga ƙofar gida ɗaya ba, ba a ari komai ba, amma an faɗi zaman matasa. Ko kuma a bi bido ɗaya mai ruwan ɗorawa, daga layin famfo da asuba, zuwa kurar ɗan ga-ruwa, zuwa randar tsakar gida. Wane ɗan Damagaram ne zai ga wannan ya ce bai san labarin ba? Irin wannan nake nufi da dabara. Shi ma mai rap ɗin ki sa ya rubuta muku baitocinsa ku karanta a natse, don in akwai zagi ko an kama sunan wani, ku biyar za a tambaya, ba shi kaɗai ba.

To, mu zo kan waƙar kakarki. Ba zan ɓoye miki ba, can zuciyata ta karkata, kuma ba don tsufa ya kama ni ba.

Kin taɓa tsayawa kin saurari lugude da kunnen mai aikin sauti? Turmi ɗaya, taɓarya biyu ko uku, wannan na sauka waccan na tashi, ba sa karo. Can sai wata ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta daidai kan lokaci ba ta ɓata wa kowa ba. Hatsi yana ɗanye ƙarar daban, in ya fara laushi sai ta koma ƙasa-ƙasa, kamar an sassauta tsarkiyar kalangu. Kiɗa ne cikakke, mai ganga da mai tafi, kuma yanzu da injin niƙa ya karɓe aikin a cikin gari, yara da yawa ba su taɓa jin sa da kyau ba. Kakaki da algaitar fada kowace sallah ana ɗaukar su da wayoyi ɗari-ɗari. Waƙoƙin tsakar gida, na daka da na niƙa da na reno, su ne ba mai nufar su da kamara. Ke kina da guda a cikin gidanku, da mai ita a raye, kina ɓoye ta. Kuma ba wanda zai jera naku da na wani, don babu na wani.

Sai dai kada ki ɗauka sauƙi gare ta. Ta fi sauran biyun wuya ta wasu fuskoki, gara ki sani tun yanzu.

Da farko, kin san abin da waƙar take cewa? Ba kalmomin ba, abin da ke ƙarƙashinsu. Waƙar daka sau da yawa habaici ce. Abin da mace ba ta iya faɗa wa kishiya ko uwar miji ko shi maigidan ido da ido, a bakin turmi take sauke shi, kowa ya ji, ba wanda zai ce da shi ake. Mai yiwuwa ne baitin da kike jin daɗinsa tun kina ƙarama kibiya ce da aka harba wa wata shekaru hamsin da suka wuce, kuma jikokin wannan watan suna nan a unguwarku da wayoyinsu. Ki zauna da kakarki ki tambaye ta baiti-baiti: wa ya koya mata, a ina, da wa ake. In akwai wanda zai tayar da tsohuwar ƙura, ita za ta faɗa miki a cire. Wannan hirar ma ki naɗe ta, za ki gode mini wata rana.

Sannan irin waɗannan waƙoƙi gajeru ne, baiti huɗu ko biyar ana maimaitawa. Kada wannan ya tsorata ki. Malam cewa ya yi kada ya wuce minti huɗu, bai ce sai ya kai ba. Minti biyu da rabi da ya riƙe mutum ya fi huɗu da ake duba agogo. Akwai kuma saurin kiɗan: hannu na gajiya, lugude yana farawa da zafi ya riƙa lafawa, ba kamar kiɗan kwamfuta ba da yake tafiya a kan layi ɗaya. Wannan shi ne daɗinsa, amma zai ba mai montaj wahala in ba a naɗi sautin a zama ɗaya an tsaya a kansa ba.

Ƙauyancin da kike tsoro kuwa, ba daga waƙar zai zo ba. Zai zo ne in kuka mayar da tsohuwa kayan gidan tarihi: ku ɗaura mata saƙin da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ku kwashe robobi da bokitai daga tsakar gida ku jera ƙore, ku ɓoye wayarta da take ƙullewa a bakin zane. Mai kallo yana gane ƙarya ko bai san sunanta ba. Ku ɗauki gidan yadda yake, da igiyar shanya da akuya da jikan da ke latsa waya a gefe. A nan ma dabara take: turmi ɗaya, hannaye uku, na kaka, na uwa, na jika, kuma na jikar ne kullum yake kuskure lokaci, har zuwa ƙarshe da ta cilla taɓarya ta cafe. Kin ji, numfashi ɗaya. Ban ce lallai ita za ku yi ba, taki na iya fin wannan.

Wataƙila kin riga kin hango abin da ni ma na hango, cewa mai rap zai iya hawa kan lugude ya yi baitinsa, muryar kaka ta zama amshi. Yana iya yin kyau ƙwarai. Yana kuma iya zama kwaɗon da aka zuba wa komai don kada wani ya yi fushi. Kada ki haɗa su don sulhu. Ki tura masa sautin, ya gwada a ɗakinsa, ku saurara. In baitinsa yana magana da waƙar tsohuwa, kamar jika yana ba kaka amsa, to. In kowa kansa yake yi, ku raba su, ɗaya ta jira wani aikin.

Yanzu yadda za ki fid da ku daga gardama. Kada ki sa ƙuri'a, don na biyar ɗinku zai bi wanda ya fi ɗaga murya, a tashi biyu da biyu da rabi. Kafin komai ki je wurin malam ki tambaye shi a kan me zai ba da maki: dabara, ɗauka, montaj, ko aikin haɗin kai? Sau da yawa rabin gardamar ɗalibai a nan take mutuwa. Sannan ki kira taro, ki buɗe da naki laifin, ki ce kina da waƙa kin yi shiru. Ki ba kowa kwana uku ya zo da abu uku: yardar mai waƙa, dabara cikin jimla ɗaya, da gwaji na daƙiƙa 20 da ya ɗauka da kowace irin waya. Gani ya kori ji. Ranar haɗuwa ku saurari kowane gwaji ido a rufe, sannan ku kalle shi sauti a kashe. Wanda ya tsaya da ƙafarsa ta fuska biyun za ku gane shi, ba sai an yi musu ba. Ki kuma shirya wa yiwuwar taki ta faɗi. In ta faɗi, ki karɓa da fuska a sake, ki yi wa wadda ta ci aiki kamar taki ce. Waƙar kakarki ba ta ƙare da makin malam ba.

Mai waya kuwa, ki lura da shi da kyau, ba don mugu ba ne. Duk wanda kayan aiki ke hannunsa yakan ji maganarsa ta fi nauyi. Ki ba shi girmansa, shi ne mai ɗauka, sunansa zai fito a haka. Amma ki tanadi waya ta biyu ko da ba ta kai tasa ba, kuma kowace yamma a kwafe abin da aka ɗauka zuwa wuri biyu. Na ga aikin sati guda ya tafi da wayar da ta faɗa cikin bokiti.

Ko wace waƙa ta ci, sauti ne farko. Mutum yana yafe hoto mai ɗan duhu, ba ya yafe sautin da ke cizon kunne. Ku naɗe shi, ku gyara, ku ce "shi ke nan, ba ƙari", sannan a fara ɗaukar hoto ana kunna shi a ƴar sifika don baki ya dace. Daga nan ki ɗauki takarda ki saurari waƙar sau goma kina rubuta daƙiƙa: daga nan zuwa nan ido zai ga kaza. Ki yi lissafi: bidiyon minti uku daƙiƙa 180 ne, in kowane hoto zai tsaya daƙiƙa uku ko huɗu, kuna bukatar guntaye 45 zuwa 60. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya warkar da mai son wuri huɗu. Ku yanke tun farko ko a kwance za a riƙe wayar ko a tsaye, kada a gauraya. Wajen ingancin hoto ku ɗauka a 1080, ku bar 4K, yana cinye memori kuma ƙaramar waya ba ta iya jan sa a CapCut, manhajar montaj. A sa wayar a yanayin jirgi kada kira ya yanke ɗauka, a kuma danna fuskar mutum a riƙe har haske ya kulle.

Rana kuwa, kin san ta Damagaram. Daga hantsi zuwa azahar tana tsakiyar kai, ido ya zama rami, goshi ya yi ƙyalli. Lokacinku biyu ne: bayan fitowar rana zuwa ƙarfe tara, da bayan la'asar zuwa gab da magariba. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske, fuska tana kyau, sai dai ƙura tana hawa gilashin kamara, a riƙa gogewa, iska kuma tana hura makirfo, a rufe shi da ɗan soso ko safa.

Garin da ya riƙe hedikwatar ƙasar nan har 1926 kafin a mayar da ita Yamai ba ya rasa wurin ɗauka. Ga lungunan Birni, ga ragowar ganuwa ta zamanin Sarki Tanimu, ga duwatsun nan da suke kamar an ɗora su da hannu, ga zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Zango, wanda kike wucewa kullum ba ki ɗaga kai. Sai dai kowa ƙofar fada yake nufa, har ta zama kamar hoton kalanda. Ki zaɓi wuri don dabararki tana bukatarsa, ba don yana da kyau ba, kuma ya zama inda za ku iya zuwa a ƙafa ku sake komawa in an yi kuskure. Ku karɓi takarda daga makaranta, ku gai da mai unguwa, ku yi sallama da mai gidan da za ku jingina da bangonsa. Bariki da duk inda soja ko jandarma ke gadi, kada ma waya ta kalli wajen. Kasuwar Dole ranar Alhamis kuwa, in ba so kuke rabin hoton ya zama yara suna ɗaga yatsu biyu ba, ku bar ta.

Sati huɗun da suka rage, na farko na zaɓe da sauti ne, na biyu na ɗauka, na uku na montaj, na huɗu ki ɓoye shi kamar kuɗin adashi, kada ki gaya wa kowa akwai shi. Wuta za ta ɗauke, wani zai yi zazzaɓi, wani hoto zai ƙi shiga. Montaj kullum yana cin ninkin abin da aka yanka masa. Jika 25 ɗinku kuma su tafi inda ake ji: gyaran sauti, memori, batirin caji, kuɗin kabu-kabu, ruwan sha, da goro ko sabulu na wadda ta ba ku muryarta.

Babanki bai hana ki aikin ba, rawa a waya ya hana, kuma mai jan ragamar bidiyo a bayan kamara take tsayawa. Amma ga abin da ba ki hango ba: wadda kike so ki ɗauka mahaifiyarsa ce. Mutumin da ba ya son ganin ɗiyarsa a wayoyin mutane, ki yi tunanin yadda zai ji in ya ga uwarsa ba a gaya masa ba. Ki fara da kakar, in ta yarda, ku same shi tare, ko ita ta yi masa maganar, don akwai abin da uwa ke faɗa wa ɗa wanda ɗiya ba ta isa ba. Ki nuna masa takardar da kika tsara, ki faɗa masa gaskiya cewa bidiyon yana iya fita daga aji, ki kuma yi masa alkawarin shi zai fara kalla. In suka ce ban da fuska, ba a rasa komai ba. Hannu, taɓarya, bakin turmi, ƙurar gari tana tashi cikin hasken safe, inuwa a bango, sun isa. In suka ce a'a gaba ɗaya, to a'a ce, sai ku nemi wata tsohuwar da ta yarda ko ku koma ga shayin fada.

Ƙawarki kuma ki daina tura mata saƙo, zuwa da kai ya fi aike. Ki je gidansu, ki gai da mamarta, ki zauna a bakin katifa ki ce mata: "Na yi kuskure, ina da wata waƙa na ji kunyar faɗa." Ki sa mata ta ji kafin kowa. Kada ki yi mata alkawarin fitowa don ki saye ta, amma ki tuna a dabarar hannaye uku akwai jika, kuma ke an hana ki.

Gobe da safe, kafin ki je ko'ina, ki auna gero ki zuba a turmi. Ki kife ƙwarya kamar taku biyu daga wurin, ki ɗora wayarki a kai, ba a ƙasa ba, don girgizar daka tana bin ƙasa ta cika sautin da gurnani. Ki bari sai injin niƙan unguwa ya yi shiru. Kada ki ce mata "Kaka, yi mini waƙar nan", za ta ƙi, ko ta yi ta da muryar baƙi. Ki gaya mata kina naɗa, sannan ki ɗauki taɓarya ki fara, ki ɓata lokacin da gangan sau ɗaya ko biyu. Za ta ce ba haka ake yi ba, ta karɓa.

Kawu